Bindigar da Ban Karya Ba

Shekaranjiya Nura ya kawo mini wayarsa nan kan bencin mai shayi ya ce in kalli wani abu. Bidiyon wani mai gona ne, ya ga maciji a gindin tankin ruwa, ya ɗauko bindiga ya ɗirka masa. Dukanku kuna ta dariya kuna cewa ashe aikin Baba Sale ke nan, minti ɗaya an gama. Ni kuwa ko macijin ban kalla ba, bakin bindigar nake bi da ido. Sau uku mutumin ya juyo yana yi wa mai ɗaukar hoton magana, sau ukun nan bakin bindigar yana saitin cikin mai ɗaukar, yatsansa kuma yana kan kunama. Sai da na ajiye kofin shayina. Na ce wa Nura duk wanda ya ɗauki bidiyon nan ya je ya yi sadaka, don sauran kwana ne kawai ya fid da shi.

Yanzu kun ce in koya muku aikin maciji kafin damina ta zauna, wai masu gonaki suna neman mutane. To, ku gyara zama. Ku ji yadda na shigo sana'ar nan tukuna.

Ni haifaffen Agege ne, mahaifina ma a nan aka haife shi. Ban tashi a daji ba. Har na kai shekara ashirin da shida aikina ɗaukar fata ne a mayanka, in zuba mata gishiri in shanya. Wata rana tirela ta kawo harawa daga Arewa saboda shanun kara, wato kasuwar shanu, ana cikin saukewa sai muka ji wata ƙara kamar an ɗiga ruwa a tafasasshen mai. Kububuwa ce ta biyo kayan, ta naɗe tana goga jikinta. Aka watse, sannan aka dawo aka kewaye ta. Wani ya ruga ya kira Baba Tanimu, wani ɗan gajeren dattijo mai gadin kara, wanda Yarabawa suke ce wa Baba Elejo, wato mai maciji. Ya zo da bindiga rataye a kafaɗa, mutane suna ta ihu, "Harbe ta, Baba! Harbe ta!" Ko taɓa bindigar bai yi ba. Ya danne wuyanta da sanda mai baki biyu, ya ba ta adda sau ɗaya. Sannan ya ɗago ya dube mu ya ce, "Kun yi mata zobe kuna cewa in harba. Wane ne a cikinku ya gaji da ƙafarsa?" Daga ranar na fara bin sa.

Wata bakwai na yi ina ɗauke da bindigar nan ban taɓa harsashi ba. Tamu mai baki ɗaya ce, irin wadda ake buɗewa ta tsakiya ta lanƙwashe kamar gwiwa. Buɗewar nan muke ce wa karyawa. In ka karya ta, sai ka leƙa ta gindi, in ka hango haske ta baki to babu komai a ciki. Baba yakan miƙo mini ita sau goma a yini, kuma kowace miƙowa sai na karya na leƙa, ko da a gabana ya gama leƙawa. Ran nan na gaji, ya miƙo na rataya kawai. Ya karɓe abarsa ya ce in koma wajen fata. Sati guda ina zuwa ƙofar ɗakinsa ina gaishe shi, yana amsawa kamar bai san ni ba, kafin ya ce in shigo.

A karye ake tafiya da ita. Ba a tsallake kwata ko shinge da ita a rufe. Ba a jingine ta jikin bango a je fitsari. In za mu shiga danfo, wato bas ɗin haya, a naɗe take cikin buhu, lasisinta yana cikin leda a aljihun Baba, harsasai kuma suna cikin gwangwanin madara a jakata, don kada su kwana wuri ɗaya da ita. Su kansu harsasan ba dunƙule ɗaya ne a ciki ba. 'Yan ƙwayoyin darma ne kamar dawa, in an harba sai su watsu. Ƙasa mai laushi tana shanye su. Amma dutse, ko ƙarfe, ko siminti, maido su suke yi, kuma ba lallai ta inda suka zo za su koma ba.

Abin da zai ba ku mamaki, bindigar ita ce ta ƙarshe a kayan aikinmu. Sanda mai baki biyu ce babba. Akwai ƙugiya da mai walda ya lanƙwasa mana da rodi, da ita ake jan buhu ko itace don kada hannu ya shiga inda ido bai gani ba. Akwai buhun shinkafa ruɓi biyu, da takalmin roba mai kai wa gwiwa, da farin tabarau irin na masu gurza ƙarfe saboda gamsheƙa mai tofi, da gorar ruwa ta wanke ido in ya riga ka. Sai mu yi wata guda muna aiki bindiga ba ta yi magana ba. Lokacinta shi ne in maciji ya hau can saman kwakwar manja inda sanda ba ta kai wa, ko babbar kasa ta kwanta a fili da tudun ƙasa a bayanta.

Aikin da ya fara buɗe mini ido a gonar kajin wata Alhaja ne, can bayan Sango. Gamsheƙa ya dame ta da shan ƙwai. Muna isa ta tarye mu tana ta "Ejo! Ejo!", wato maciji, tana nuna ɗakin kaji. Ga shi kuwa a miƙe jikin bangon langa-langa, ya fasa kai, tsakaninmu da shi bai fi taku shida ba. Ranar ce Baba ya fara ba ni harsashi. Na sa, na rufe, na ɗaga. Sai na ji hannunsa a kafaɗata.

"Me ke bayan macijin?"

Na ce, "Langa-langa, Baba."

"Bayan langa-langar fa?"

Ya ce in karya in zagaya in gano. Na zagaya. Wata mata na tarar tsugune tana wanke farantan ƙwai, bayanta jingine da langa-langar nan daidai inda na saita, da goyo a bayanta. Ta ɗago ta gaishe ni da Yarabanci tana murmushi, ba ta san komai ba. Da na dawo Baba ya riga ya sa macijin a buhu yana ɗaure bakin. Tun daga ranar ban taɓa ɗaga bindiga a gonar mutum ba sai na taka da ƙafata na zagaye wurin.

Akwai kuma wata kasa da muka sare wa kai a gonar rogo wajen Ikorodu. Mun gama, muna wanke hannu, leburan gonar ya tafi ya ɗauko kan zai nuna wa abokansa. Kan da aka raba da gangar jiki tun kafin mu sha ruwa, shi ya kama masa babban yatsa. Ihun da ya yi har yau ina jin sa. An ceci ransa a asibiti, amma yatsan bai dawo gida da shi ba. Shi ya sa kuke ganin ina haƙa rami in binne kai tun kafin in yi wa kowa magana.

Masu kiranmu iri-iri ne. Wani sai ya zuba kananzir ya ƙone rabin sitonsa sannan ya tuna da mu. Wani fatar yake so. Wani kuma so yake a ba shi bindigar ya riƙe a ɗauke shi hoto, oga ne, bai saba a ce masa a'a ba. Baba yakan ce masa a'a yana murmushi, ya miƙa masa sandar ya ce ya yi hoton da ita.

Shekarata tara tare da shi aka yi daminar da ta fi kowace ruwa a sanina. Koguna suka cika suka shiga gonaki, macizai suka rasa ramukansu suka hauro inda mutane suke. Kullum sai an kira mu wuri biyu ko uku. Abin da ya fi tayar wa Baba hankali ba macizan ba ne. Masu gonaki ne suka shiga neman bindiga, wani ya aro, wani ya sa maƙeri ya ƙera masa. Mutanen da ba su taɓa harbin ko kurciya ba, sai ka je ka tarar da su da ƙarfe a hannu suna nuna maka hanya da bakinsa.

Ranar wata Talata Alhaji Garba ya aiko. Babban dillalin shanu ne, yana da garke a wani fili bayan Ifo inda yake kiwata su kafin a kawo mayanka. Ya san mahaifina, kuma a rumfarsa na fara ɗaukar fata. In ya shigo mayanka har tsofaffi tashi suke yi. Saƙon ya ce baƙin maciji ya shiga siton dusa, makiyayansa sun ƙi shiga ɗebo wa shanu abinci kwana biyu.

Da hantsi muka isa, bayan danfo da babur ɗin okada da tafiyar ƙasa cikin taɓo. Muka tarar da Alhaji tsaye a ƙofar siton, ya tattare babbar riga a kafaɗa, riƙe da wata sabuwar bindiga mai baki biyu sai ƙyalli take. Makiyaya suna can nesa gindin mangwaro. Bayan gaisuwa Baba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Sale, je ka karɓi waccan ka karya ta." Shi kuma ya tafi zagayen bayan sito kamar yadda ya saba.

Na je na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ya ce in riƙe maka ita kafin mu gama."

Alhaji ya yi dariya ya dafa ni. "Haba Sale, ɗan Malam Isa. Wannan ai ado ce. Wani abokina ya ba ni. Jiya da hannuna na cire harsashin, babu komai a ciki."

Na tsaya. Hannuna har ya ɗan miƙa. Sai na ga idan na nace, kamar na ƙaryata shi ne a gaban yaransa, mutumin da ya girmi ubana a daraja. Na janye hannun na ce, "To, ranka ya daɗe."

Baba ya dawo yana goge taɓo a takalmi. Ya ce, "Ka duba?"

Na ce, "Babu komai a ciki, Baba."

Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ɗauki sandarsa ya shiga. Tamu bindigar tana waje a karye kan buhu, don mun san ba wurinta ba ne. Siton ɗaki ne na kwano, daɓen siminti, buhunan dusa jibge har rabin bango, ga wani duro na ƙarfe a kusurwa. Baba ya ga saɓa a bayan ƙofa, ya ɗaga ta ya ce kumurci ne, babba. Ciki da duhu, tabaraunsa kuma ya yi gumi, sai ya ɗage shi zuwa goshi don ya gani da kyau. Ya tsuguna da sanda a hannu, ni kuma ina janye buhuna da ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Alhaji yana bakin ƙofa yana leƙe.

A buhu na tara ya fito. Bai yi kaina ba, bai yi kan Baba ba, hasken ƙofa ya nufa, ya bi ta tsakanin Baba da Alhaji. Baba ya juya a tsugune zai danne shi. Abin da na sani ke nan.

Ban ji ƙarar a matsayin harbi ba. Na ɗauka rufin ne ya faɗo. Ƙurar dusa ta tashi fari fat, kunnuwana suka toshe, warin albarushi ya cika ɗakin. Da ƙurar ta fara kwanciya sai na ga Baba zaune daɓas a ƙasa, ya rufe fuskarsa da hannu biyu, jini yana bin tsakanin yatsunsa yana sauka a gwiwar hannu. Bai yi ihu ba. Innalillahi kawai yake maimaitawa a hankali. A daɓen, taku ɗaya gabansa, siminti ya farfashe kamar kaza ta yi tono. Alhaji bai saita Baba ba, ƙasa ya harba. Simintin ne ya ɗebo darmar ya watsa masa a fuska.

Alhaji yana tsaye yana kallon bindigar kamar yau ya fara ganinta. "Wallahi na cire. Wallahi tallahi na cire. Ni ban ma ja ba." Na fizge ta daga hannunsa na karya. Baki ɗaya wayam, ɗayan kuma da ƙwanson harsashi, da zafinsa. Guda ya cire jiya, ya manta baki biyu gare ta. Da macijin ya yo kansa, tsoro ne ya matse masa yatsa. Karyawar nan da na yi ba ta ɗauke ni ƙiftawar ido biyu ba.

Motar Alhaji ta kafe a taɓo tun kafin ta fita daga garken. A baya na goya Baba har bakin kwalta, makiyayi ɗaya yana riƙe da ƙafafunsa, rawanin wani ɗaure a fuskarsa. Muka samu mai ɗaukar rogo ya kwashe mu. A asibiti likitoci suka yi abin da za su iya, suka ciro ƙwayoyin darma daga kumatu da goshi da leɓe. Tabaraun da ke goshinsa ko tsagewa bai yi ba. Idanun kuwa duka biyun sun tafi.

'Yan sanda suka ɗauki bayaninmu, suka riƙe bindigogin biyu har a gama bincike. Tamu ta yi wata tara a hannunsu. Alhaji ya ɗauki ɗawainiyar asibiti, kuma bai ƙara taka garken nan ba har ya sayar da shi. Ni kuma labari ya zaga cewa an yi harbi a aikinmu. Waɗansu suka daina kira saboda tsoro, waɗansu kuma in na je suka ga sanda ce kawai a hannuna sai su ce in koma, su mai bindiga suke so. Sauran daminar nan rabinta a mayanka na yi ta, ina ɗaukar fata kamar da.

Amma kafin duk wannan, kwana uku da harbin, na shiga wajen Baba bayan azahar. An naɗe masa kai da bandeji, baki da hanci kawai ake gani. Matarsa Inna Hajara ta tashi ta ba ni kujera ta fita. Na gaishe shi, ya gane muryata. Na zauna na ce, "Baba, akwai maganar da zan faɗa maka. Bindigar nan ban karya ta ba. Ce mini ya yi babu komai, na yarda."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka sani, Baba?"

"Tambayarka na yi ka duba, ka ce mini babu komai a ciki. Shekara tara ba ka taɓa ba ni amsa haka ba. Na ji sarai. Na dubi Alhaji, ni ma na ji nauyinsa, na shige." Ya ɗan gyara kwanciya. "Mu biyu muka bar ta a hannunsa."

Sai ya sake magana.

"Macijin fa?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Babu wanda ya ƙara bi ta kansa."

"To shanu sun kwana biyar ke nan ba dusa, kuma yunwarsu za ta sa wani ya shiga ɗakin nan da silifa. Aiki aka kira mu, ba mu gama ba. Gobe ka koma."

Washegari na koma ni kaɗai, da sanda da ƙugiya da adda. Makiyayan suka nuna mini siton daga nesa, ba wanda ya buɗe shi tun ranar. Jinin Baba yana nan a daɓe ya bushe, dusa ta manne a kai. Ashe da aka yi harbin, macijin bai fita ba, baya ya koma. Na tarar da shi naɗe a bayan duron ƙarfe. Na jawo shi da ƙugiya, na danne, na sare. Tun daga shigata har fitowata ba a yi minti biyar ba.

Na binne kan, na zauna gindin mangwaro na feɗe shi, don Baba zai tambaya. Ya fi ni tsawo in an miƙe shi. Na shimfiɗa fatar a kan katako, na ɗaga ta saitin rana, na bi ta a hankali tun daga wuya har wutsiya, na juya na sake bi. Ko huda ɗaya babu.